Ranar da Muka Bi Layin 'Yar Rogo

Ta ci! Wallahi 'yar Rogo ta ci zaɓen nan, ta tiƙa mai ƙararrawa da ƙasa a gaban kowa, kuma ni ne namiji na uku da ya tsaya a layinta. Har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai.

Muna aji uku ne a wata ƙaramar sakandare ta je-ka-ka-dawo a Karaye, farkon shekarun casa'in, lokacin ana yayin zaɓen ƙato bayan ƙato: ɗan takara ya tsaya, masu son sa su jeru a bayansa, a ƙirga kawuna. Sai firinsifal ya ce mu ma haka za mu zaɓi shugaban ɗalibai, mu koyi siyasa tun da wuri.

Mutum biyu suka fito. Na farko mai ƙararrawa, wato yaron da ke buga tsohon wilin motar da aka rataye a jikin darbejiya. Ɗan gari ne, ga murya kamar lasifika, ga tsumagiya kullum a hannu. Ta biyu wata yarinya ce da aka yi wa babanta canjin aiki daga Rogo. Ita magana ma sai ka matso kake jin ta.

Mu kuwa 'yan ƙauyukan Turawa da Kurugu, damuwarmu ɗaya ce tak: latti. Kafin ka kora shanu, ka tura keke cikin taɓo, an gama asambili. Kullum bulala da tsallen kwaɗo a bakin get.

Da aka fara kamfe, mai ƙararrawa ya haye benci yana cewa, "Makaranta sai da tsawa! Mace in ta ce ku yi shiru, wa zai ji ta?" Aka yi ta shewa. Ita kam ba ta hau komai ba. Lokacin hutun tara ta same mu muna ɓare gyaɗa, ta gaishe mu da Hausa, ta ƙara da Fulatanci, sannan ta ce, "Wai ku me ke sa ku makara?"

Shekara uku babu wanda ya taɓa tambayar mu. Abokina, wani ɗan Kurugu mai shegen baki, ya ce, "Ranki ya daɗe, jirgin samanmu ne ke lalacewa a hanya."

Ta yi dariya ta ce, "Allah ya gyara shi. To yanzu faɗa min na gaskiya."

Muka zayyana mata. Ta ce in ta ci za ta roƙi firinsifal a daina dukan masu zuwa daga nesa, a bar su su share aji bayan an tashi.

Maganar ta shige mu, amma fa zaɓen a fili ne, kowa na ganin kowa. 'Yan gari har sun fara gori, wai duk namijin da ya tsaya bayan mace gobe ya ɗauro kallabi. Muka yi shawara a hanyar gida, muka ce mu dai mu bi mai ƙararrawa, bulalar mun riga mun saba da ita.

Ranar zaɓe aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, muka makara fiye da kullum. Mai ƙararrawa yana so malamai su ga jarumta, sai ya tare mu a get.

"Yau ma, ƙauyawa? Tsallen kwaɗo, daga nan har gindin tuta!"

Abokina ya ce, "Haba yallaɓai, yau fa zaɓe."

"Shi ya sa. Ku ɗanɗana mulkin tun yanzu."

Muka ɗanɗana kuwa, cikin caɓi, fararen wandunanmu suka koma jajaye. Muna isa gindin tuta malamin lissafi ya ce a jeru. Abokina ya miƙe yana ɗingishi, ya wuce layin mai ƙararrawa ko kallo babu, ya je layin 'yar Rogo ya tsaya bayan yarinyar ƙarshe, ya bar tazarar taku uku don kunya.

Na ce, "Kai baba, ina za ka?"

Ya ce, "Cinyata ce ta zaɓa, ni rakiya na yi."

Wani ya bi shi, na bi, sai ga 'yan latti duka. Har wasu 'yan gari da suka taɓa shan tsumagiyar suka sulalo. Malam ya ƙirga, ya goge tabarau, ya sake ƙirgawa. Ihun da muka yi sai da masu tallar awara suka leƙo.

Ko sau ɗaya ba ta yi tsawa ba a mulkinta. Mai ƙararrawa ma ta bar masa wilinsa, ta ce murya irin tasa ba a ajiye ta, shi zai riƙa tara asambili. Ofishin firinsifal kuwa sau uku ta je. Biyun farko ya ƙi, na uku ta tafi da sunayen ƙauyukanmu da rafin da kowa ke tsallakewa, ya amince. Daga ranar tsintsiya muke ɗauka, muna shara muna waƙa.

Don Allah wanda ya karanta ya tura wa wani, ko Allah zai sa ta kai ga 'yan ajinmu.