Rashin Rana a Gazawa

Safiyar Talatar nan ba za ta fita a raina ba. Na durƙusa ɗauko kwalin allura a ƙasan kanta, na zo miƙewa, ƙafafuna suka ƙi. Sai da na dafa gwiwa na kama katako, ni da ban cika shekara ashirin da biyu ba.

Shekara ta uku ke nan da samun ƴancin kai, ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Gazawa. Ga wanda bai san tsarin ba, majo shi ne babban ma'aikacin jinya mai riƙe da asibitin, likita kuwa daga Maraɗi yake zuwa sau ɗaya a wata. Ni da na yi kwaleji aka ba ni ɗakin ajiyar magani. Doka ce ba a buɗe taga, don haske na ɓata magani. Kullum sai na shiga da sassafe a lulluɓe, na fito gab da magariba, na faɗa gida wurin jaririna. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da asibitin.

Ciwo ya zauna mini a ƙugu da cinyoyi da haƙarƙari, tafiyata ta koma ta agwagwa. Inna Habsu ungozoma ta ce, "Sanyin jego ne, ɗiyata. Rufe jikinki, kar ki kuskura ki zauna waje." Na ƙara zane biyu, ciwo ya ƙaru. Majo kuwa cewa ya yi, "Ku ƴan lakol, ƴan boko, akwai raki! Sha kinin." Wata uku ina shan kinin, ni da ko zazzaɓi ban yi ba!

Sai ranar da na faɗi gaban masu jiran magani majo ya dube ni da kyau. Ya ce, "Madam, in tarin fuka ne ya shiga ƙashi, dole in rubuta rahoto. Aiki ya ƙare, yaron ma a raba ku." Yana faɗa yana ɓara goronsa.

Da likita ya zo ya danna ƙashin ƙirjina, na yi ƙara. Ya tura ni Maraɗi aka ɗauki hoton ƙashi. Wata guda na yi ina jira, kullum in zan ba yaro nono sai na kau da fuska, kar numfashina ya taɓa shi.

Ran da likita ya dawo, har ɗakin magani ya biyo ni, ya yi tuntuɓe da kwali don duhu. Ya ce, "Nan kike wuni?" Na ce e. Ya ce, "Babu tarin fuka. Ƙashinki ne ya yi laushi don rashin bitamin D. Da hasken rana jiki ke yin sa, ke ba ki samu, ga shayarwa."

Majo da ke tsaye a bakin ƙofa ya ce, "Rashin rana? A Gazawa?"

Likita ya miƙa hannu saman kaina ya sauko da kwalbar man hantar kifi, wanda ni da hannuna nake zuba wa yara masu lanƙwasassun ƙafafu. A aikin nan namu kowa muna dubawa, ban da wanda ke sanye da farar riga kusa da mu.

Na ce, "Yarona fa?"

Ya ce, "Ba mai raba ku. Za ki warke. Ku riƙa shan hantsi tare."

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kaɗan ne. Na fita tsakar gida na zauna a rana ina kuka, Inna Habsu ta biyo ni da gudu, da zane a hannu.