Buhunan Shaida a Tsakar Gidanmu

Ranar wata Talata ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, aka shigo da buhunan siminti gidanmu a Tudun Wada. Na dawo daga makaranta na tarar da leburori suna jibge su a ƙarƙashin rumfar kwanon da muke shan iska, wani mutum mai baƙar kwat yana tsaye yana nuna musu wuri da biro. Babanmu bulo yake bugawa. Ya sayi siminti mota guda a hannun wani kamfanin dillalai da ke ɗauko kaya daga masana'antar siminti ta Kalambaina, da aka sauke sai ya ga ruwan sama ya dake shi a hanya, buhuna da yawa sun fara daskarewa. Dillalan suka ce su lafiya lau suka kawo kayansu. Dattawan kasuwa suka shiga tsakani abin ya gagara, sai Baba ya tafi wani ofishin lauyoyi masu shari'ar 'yan kasuwa, su kuma suka turo mana mai baƙar kwat ɗin, wanda kowa ke kira Barista. Kafin ya tafi ya tara mu, ya ce buhunan nan su ne shaidar Baba a gaban alƙali: kada a fasa ko ɗaya, kada a gusar da su, kada ɗigon ruwa ya taɓa su. Ya ce wata biyu ne, in ta yi tsawo uku.

Shekara uku suka yi mana. Rumfar da Inna ke tankaɗe a cikinta, mu kuma muna carafke a gefenta, ta zama ta siminti. Aka mayar da turmi cikin rana, a garin da zafinsa ke gasa tafin ƙafa. Awaki suka samu dutsen hawa, kaji suka dinga saka ƙwai a lungun buhuna, kunama ta harbi ƙanena a wurin neman ƙwan. Duk ranar shari'a Baba zai sa babbar rigarsa ya fita da sassafe, ya bar aikin bulo a tsaye, ya dawo bayan azahar da magana ɗaya: an ɗage. Yau lauyan dillalai bai zo ba, gobe an rasa fayil, wata rana kotu tana hutu, can kuma aka sauya alƙali aka koma farko. Inna takan ce, "Gidan ga na siminti na, mu 'yan haya muke."

Ni kuwa ina ɗauke da abin da ya fi buhunan nauyi. Shara aikina ce, kuma tun ina ƙarama Inna ta koya mini cewa ba a share tsakar gida sai an yayyafa ruwa, don kada ƙura ta shiga abinci. Hannuna ya saba. Sai da na yi kusan mako biyu ina yayyafawa har gindin buhunan kafin wata safiya na ga takardar na ƙasa ta yi duhun laima. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Ban gaya wa kowa ba. Kullum in na ga idon mutane ya kau, sai in je in danna buhun da yatsa, in ji ya ƙara tauri. Ranar da Inna ta kai mu ziyara Hubbare, yara suna roƙon kayan Sallah, ni ina roƙon Allah Ya sa siminti ya koma gari.

A shekara ta uku lauyoyin dillalai suka ce a gidanmu kayan suka jiƙe, kotu ta sa ranar zuwa dubawa. Barista ya riga su zuwa, ya zauna a kan tabarma yana tambayarmu ɗaya bayan ɗaya ko ruwa ya taɓa kai wa wurin. Da ya zo kaina, ban san lokacin da na fashe da kuka na zayyana masa komai ba, har girman ƙwaryar da nake yayyafin da ita. Ya cire tabarau ya dafe kai. "Haba 'yan mata! Shekara uku ina gini a kan cewa ruwa bai taɓa kayan nan ba!" Ya juya ga Baba ya ce yarinya ce, ba lallai a kira ta gaban alƙali ba. Baba ya ce, "Awo, Barista. Amma ni na jiya da kunnena. In anka tambaye ni, mi zan ce?"

Ba a kai ga dubawar ba. Barista ya nemi lauyoyin dillalai suka zauna a ofishinsa, aka yi sulhu a yini ɗaya: dillalan suka ba Baba sabon siminti rabin mota, daidai abin da dattawan kasuwa suka yanke tun makon farko. Da zai tafi Barista ya ce mini yayyafin ƙwarya ba ya daskarar da mota guda. Na ji shi, amma har yau ban san ko ni na rage wa Baba rabin hakkinsa ba.

Bara aka kawo wa ɗana mai sayar da tayil kaya da yawa a fashe. Tun ana saukewa ya ɗauki bidiyo da wayarsa ya tura wa lauyarsa. Ta duba yarjejeniyarsu da kamfanin da ya kawo kayan, ta ce an rubuta sai an gwada sulhu kafin kotu, zama biyu aka gama. Ni ina nan ina lissafin ɗakin da za mu kwashe don ajiye kwalaye, shi yana mini dariya. Na yi masa murna, amma raina ya sosu, na tuna tafiyar da Baba ya sha a banza. Har Allah Ya karɓi ransa bai taɓa tayar da maganar yayyafin nan ba, ko a wasa. Na yi shekaru ina jiran ya yi mini faɗa sau ɗaya in huta. Haƙurinsa ya fi mini duka zafi.