Takardar Madam Rahamatu

Madam Rahamatu 'yar Bambeye ce, ɗiyar manomin gero, kuma ita kaɗai ta yi karatu mai nisa a gidansu. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana riƙe da ajin 'yan fari a wata lakwal mai zaman kanta nan Tahoua, inda ni ma nake koyarwa. Ba ta da fara'a sosai, gaskiya. Amma yaro ya shigo hannunta bai san riƙon alli ba, kafin damina ya rubuta sunan ubansa. Mijinta ya tafi ci-rani Abijan tun da daɗewa, aike sai ya ga dama. Don haka wannan aji shi ne cinta, shi ne shan ɗiyanta uku.

Sai anka kawo mana sabon darakta, Mushe Idrisa, kamar yadda ake kiran malami namiji da Faransanci, mai turare, mai gaisuwa har ƙasa. Wata biyu bai yi ba ya fara kiranta buro, wato ofishinsa, lokacin da yara ke wasa a fili, wai duba littafin darasi, sai ya tura ƙofa. Yau ya ce matar ɗan ci-rani abar tausayi ce, gobe ya riƙe mata gefen mayafi. Ran da ya kai hannu jikinta, ta fito, ta iske ni bakin famfo ta faɗa mini komi. Ni na ce ta rubuta wa mai lakwal, Alhaji Alƙasum.

Ta rubuta, shafi biyu, da rana da wata. To ga inda abin ke ƙona mini rai. Dokar gidan ita ce duk takardar da malami zai aika wa Alhaji sai ta bi ta hannun darakta, ya karanta, ya sa hannu, ya miƙa. Ta je gidan Alhaji da ƙafarta, ya ƙi ko taɓa takardar. Wai shi mutum ne mai tsari, ta bi hanya. Tsari! Haka baiwar Allah ta tsaya gaban darakta yana karanta ƙarar da ta kai shi. Har ya ɗauki jan biro ya gyara mata kuskure biyu, sannan ya buga hatimi.

Bayan sati guda Alhaji ya tara mu, mu goma sha huɗu, har da mai gadi. Bai taɓa kiranta ita kaɗai ya ji daga bakinta ba. Gaban kowa anka karanta takardar da ƙarfi, har wurin da hannu ya kai. Mushe Idrisa ya ce wasa ne irin na abokan aiki, in ta ji haushi ta yi haƙuri. Alhaji ya yi dogon wa'azi kan rufin asiri da mutuncin lakwal, sannan ya dube mu.

"Akwai wanda ya gani da idonsa?"

Rahamatu ta dube ni. Ni ban gani ba, ji na yi. Da wannan na fake, na sunkuyar da kai. Anka shafa fatiha, anka sa ta gaida Mushe Idrisa, anka ce magana ta mutu.

Ina fa ta mutu! Anka daina kiranta taron malamai. Allin ajinta ya riƙa yankewa. Iyayen yara sunka fara jin ƙishin-ƙishin wai ta so ɓata mutumin kirki don bai kula ta ba. Ta cije har ƙarshen shekara, ko sau ɗaya ba ta makara ba. Da munka dawo daga hutu cikin Oktoba, babu sunanta a jerin da anka liƙa jikin ƙofa. Ba wanda ya ce an kore ta, kwangila ce kawai ba a sabunta ba.

Yanzu ƙosai take soyawa da safe ƙofar gidan ƙanenta. In munka haɗu takan gaishe ni lafiya lau, har ta tambayi ɗaliban da ta bari, kuma da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Don ajin nata ni anka ba. Mushe Idrisa da kansa ya miƙo mini makullin, kuma wallahi hannu biyu na sa na karɓa.