Albasa a Ɗakin Kwanan Ɗalibai

Shekarar da aka raba mu da Sakkwato aka ba mu tamu jihar, ina da shagon hoto a Jega, ina kuma da wata ɗabi'a da matata ke kira wauta. Ran Juma'a da safe sai in rufe shago, in hau babur in bi gine-ginen gwamnati da aka watsar ina ɗauka. Ta ce ba ta taɓa ganin mai ƙona fim a kan kango ba sai ni.

A haka na faɗa wata makarantar kwana bayan Aliero, ta hanyar Sabiyal. Iska ta yaye kwanon azuzuwa, gara ta cinye ƙofofi, awaki na kwance a ofishin shugaba. Ina ɗaukar wata ƙatuwar tukunyar girki sai wani tsoho ya yi mani sallama. Shi ne maigadi tun da ɗalibai. Da aka kwashe su aka manta da shi, shi kuwa bai tafi ba.

Ya kai ni ɗakin kwanan ɗalibai, wanda shi kaɗai rufinsa ya tsira. Gadajen ƙarfe masu hawa biyu na nan jere. Ya shimfiɗa kara a kan kowanne, ya baza albasa, iska na ratsa ta sama da ƙasa. Noman raninsa ne gaba ɗaya, da shi iyalinsa za su ci har kaka. Hasken taga ya sauka a kanta jawur, hannuna ya kai ga kyamara.

"Ɗauki abinka, ɗana," in ji shi, "amma kak ka bari wani shi gani. Wuringa na hukuma na."

Na ce, "Haba Baba, wa zai gani?"

Hoton ya fito da kyau ƙwarai. Mu masu hoto kuwa, duk wanda ya yi kyau a allon ƙofar shago muke liƙa shi, tsakanin amare da alhazai. Na tuna maganar tsohon sarai. Na ce wa raina ai babu suna a jiki, kuma wa zai bar amare ya kalli albasa? Son yabo ne kawai ya ja ni.

Lokacin ma'aikata na tururuwar yin hoton fasfo don buɗe sabon fayil a sabuwar jiha. Wani mai babbar riga yana jiran nasa, ya tsaya gaban allon ya ce, "Ina ne nan?" Na faɗa masa har da kwatancen hanya, ina washe baki. Ashe yana cikin masu zagayen duba gine-ginen da jiha ta gada.

Farkon damina aka je aka fitar da albasar waje, aka garƙame ɗakin da kwaɗo. Kafin tsohon ya sami amalanke ruwa ya sauka mata, ta ruɓe. Ɗakin kuwa ba wanda ya sake buɗe shi.

Na bi tsohon har gidansa a Sabiyal da niyyar in faɗi gaskiya. Ya rame. Ya shimfiɗa mani tabarma, aka kawo fura. Muna zaune wani dattijo ya wuce ya yi sallama, tsohon ya kau da kai.

"Ƙanena na," ya ce. "Shi ya kai ƙarata. Ya roƙe ni gado biyu shi aje tashi albasa, niƙ ƙiya. Ni da shi sai Lahira."

Maganar ta zo mani har baki. Na ji tsoron idonsa, na ji kunya. Na ce Allah ya kyauta, na shanye furar, na hau babur.

Na yi ta cewa mako mai zuwa zan koma, har damina biyu ta wuce. Da na koma, jana'izarsa na je. An fito da makara, ƙanen ya dafa ta yana kuka, yana cewa, "Yaya, wallahi ba ni na ba."

Ina tsaye a bayansa, a sahun farko.