Ranin Da Tumatirin Baba Ya Kwanta

Wata Laraba ce, a ƙarshen ranin da nake aji huɗu, na kai wa Baba fura lambunsa na bakin dam ɗin Mairuwa, na iske shi tsugune gaban komin tumatir, hula a gwiwa. Ganye kore shar, ba tabo, amma ya langaɓe kamar an watsa masa ruwan zafi. Ko kallon furar bai yi ba.

A shekarar ce ya rantse ya daina tafiya cin rani Kudu, lambun nan zai riƙe shi a gida. Mu kuwa baki har kunne. Da an tashi makaranta sai ni da ƙanena mu ruga mu kori awaki, mu buɗe wa komaye ruwa da fartanya, mu yi langa har a kira magariba. Sai shukar ta fara yi mana wasa da hankali, da rana ta yi laushi, da safe ta miƙe. Baba ya ce ƙishi ne, ya ƙara ban ruwa safe da yamma, ruwan na ratsa wannan komi ya faɗa na gaba. Inna ta ce bakin mutane ne, aka kafa fasasshiyar ƙwarya tsakiyar lambu. Ina! Kullum sai mun wayi gari da sabon layi a kwance.

Baba Nomau, Bamagujen da lambunsa ke gabas da namu, shi ya tuge guda ya yanke karan. Ciki ya yi ruwan ƙasa. Ya tsoma shi a ruwa cikin kofin gilashi, muka zuba ido, sai ga wani farin abu kamar nono yana zirarowa.

"Malam, ba ƙishi ba ne," in ji shi. "Ruwan da kake ba su shi ke raba masu ciwon."

Ya ce ƙasar ma ta kamu, sai ta yi shekaru ba tumatir. Muka tuge, muka ƙone. Ana gama kaka Baba ya ɗaure kayansa ya koma cin rani. Wallahi na yi kuka har na shiɗe.

Yau manoman Faskari da Sabuwa sun san cutar bakteriya ce, yaro ma zai gaya maka a tuge a tare ruwa. Mu ba mu sani ba, shi ya sa har na yi gemu ban ƙara yin rani da ubana a gida ba.