Wutar da Na Ba Inna Kande

Ranar Talata ce, tsakiyar bazara, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Na tashi da asuba na tone murhu, na tarar garwashin jiya da sauran rai a ƙarƙashin toka. Na dama koko. Maigidana ya sha a tsaye, ya saɓa gatari ya nufi gona sassabe. Ni kuwa na goya 'yata Asabe na zauna kwaɓa yumɓu. Ginin tukwane ne sana'ata, kuma duk ƙauyenmu na ƙasar Burumburum ba mai yi sai ni.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga maƙwabciyarmu Inna Kande tana dogara sanda. Wutarsu ta mutu, ta zo ɗiba. A lokacin ashana sai gidan dagaci, wadda murhunta ya mutu sai ta leƙa maƙwabta. Idon tsohuwar ya yi rauni, amma bakin nan garau.

"Raguwa, har yau ba ki gasa mini tulun nan ba?"

"Inna, ranar da kika daina fasa su zan gasa."

Na zuba mata garwashi a tsingaron wata fasasshiyar tukunyata, na rufe da toka. Na ce ta tsaya in raka ta. Ta ce tun ba a haifi uwata ba take ɗaukar wuta. Hannuna duk yumɓu, na ji ƙyuyar wankewa, na bar ta ta tafi. Wannan ƙyuyar har yau tana ci na.

Mati, ɗan Inna Kande, da maigidana ba sa ga maciji, a kan iyakar gona. Maigidana kuwa akwai zuciya. Da kaka, a ƙofar masallaci, gaban jama'a, ya ce wa Mati wallahi shi Matin ba zai ci hatsin gonar nan ba. Kowa ya ji.

Da hantsi iska ta taso, irin mai juya shara. Na ji ƙara kamar ana karya kara, fas, fas. Sai kururuwa: "Gobara! Gobara!" Rumbunan Mati ne, guda uku, a bayan gidansu. Rijiya ta ja baya, guga sai laka yake kawowa. Aka watsa ƙasa, aka buga da ganye, a banza. Maigidana ya hango hayaƙi ya sheƙo daga gona, da shi aka yi ta fama. A tsakanin rumbu biyu aka sami Inna Kande, zanenta ya kama. Ba a kai ta inuwa ba ta cika.

Bayan azahar aka binne ta. Ni ina ɗaki ina kuka, ban san abin da ake ƙullawa ba. Ashe an tsinci tsingaron a gindin rumbu, ga zanen farce uku a bakinsa, alamar da nake yi wa duk tukunyar da na gina. Wani ya ce da safe ya ga maigidana ya bi ta bayan rumbunan. To ina zai bi? Nan ce hanyar gonarmu!

Ana idar da la'asar na ji su. Ƙafafu da farko, sannan muryoyi. "Fito!" "A ƙone shi yadda ya ƙone ta!" Jifa ya fara sauka a tsakar gida. Tukwanen da na shanya suka riƙa tarwatsewa ɗaya bayan ɗaya. Maigidana ya leƙa zaure zai yi magana, dutse ya fasa masa goshi. Na fito ina ihu ni na ba ta wutar, ni ce, ni ce! Wa zai ji ni? Mutanen da nake gina wa randa ne, na san muryar kowannensu.

"Bi ta baya!" Abin da maigidana ya ce ke nan. Muka keta danga. Ba mu kai bakin rafi ba na ji jinkar ɗakina ta kama. Jakinmu yana ɗaure a turke, yana ta kuka. Muna gudu muna jin sa, har ya yi shiru.

Muka bi busasshen rafi muka yi kudu. Ba takalmi, ba gora. Jini ya rufe wa maigidana ido ɗaya, na yage gefen zanena na ɗaure masa. Da magariba muka faɗa wata ruga. Matar gidan ta dube mu, ta miƙo nono a ƙwarya, ba ta tambaye mu komai ba. Kwana huɗu muna tafiya. In ganye ya motsa sai mu kwanta a ƙasa. Asabe ta yi kuka har muryarta ta dishe, daga nan sai buɗe baki kawai take yi. A rana ta biyar da hantsi muka shiga Riruwai, wurin yayana mai haƙar kuza.

Kwananmu tara dogarai biyu suka zo. Suka ɗaure maigidana da igiya a ƙugu. Na bi su a ƙafa har Tudun Wada, gaban alƙali.

Can babu lauya, kowa bakinsa ne yake tsaya masa. Aka jera masa abubuwa huɗu: maganar ƙofar masallaci, hanyar bayan rumbu, tsingaro, sannan gudun da muka yi. Kai, har gudun ceton rai ya zama shaida! Na miƙe na faɗi yadda aka yi. Alƙali ya saurare ni har na gama, sannan ya ce mace ba ta yi wa mijinta shaida. Mai shaidata guda ɗaya ce, tana cikin kabari. Ga dukiya ta ƙone, ga rai ya salwanta. Aka ce in laifin ya tabbata, Kano za a kai shi, kuma ba lalle ya dawo ba. Aka ɗaga zama zuwa Alhamis.

Na kai masa fura inda aka tsare shi. Ya hau zancen iyakar gona. Haushi ya kama ni. Na ce Malam, iyakar nan ita ta kawo mu nan, ka bar ta. Ranar Alhamis abu ɗaya za ka tambaya: da wace wuta aka dama kokon gidan Mati ran nan? Namiji ba zai san wannan ba. A kira matarsa.

Ranar Alhamis ya tambaya. Wasu suka yi dariya. Alƙali bai yi ba, ya sa aka shigo da Ladi, matar Mati. Ta durƙusa, ta rufe fuska. Aka maimaita mata tambayar sau biyu.

"Allah ya gafarta Malam, ba a dama ba," in ji ta. "Wutarmu ta mutu. Inna ta fita ɗebowa, ba ta dawo ba."

Alƙali ya tambaye ta me ya hana ta faɗa tun farko.

"Ni ya kamata in je. Na bar tsohuwa ta tafi."

Mati ya dubi matarsa, ya dubi tsingaron da ke gaban alƙali. Ya zame ya zauna a ƙasa, ya ɗora hannu a ka. Maigidana ya yi alwala ya rantse da Alƙur'ani. Kafin azahar aka kwance igiyar. A ƙofa muka haɗa ido da Ladi. Ita ba ta je ba, ni ban raka ba. Kowaccenmu ta sunkuyar da kai ta wuce.

Ba mu koma ƙauyen ba. Ɗakuna uku, rumbu biyu, jaki, da gonar da aka yi ta rigima a kanta, duk mun bar su can. Idon maigidana na hagu bai ƙara gani ba. Inna Kande kuwa ko gaisuwar mutuwarta ban samu yi ba, tulunta ma ban gasa ba.

A Riruwai muka tsufa. Har yau in wata ta zo ɗibar wuta ba na miƙa mata. Ko me nake yi sai in wanke hannu, in ɗauka da kaina, in kai mata har murhu.