Kududdufin da Na Sa Aka Cike

Tun da na ajiye aikin gwamnati nake koyar da tsarin birni a wata ƙaramar makaranta nan Damagaram, kuma da fim nake koyarwa. Na zauna a garuruwa da yawa, na kuma lura ɗalibi ba ya fahimtar titi a kan takarda sai ya ga mutane suna tafiya a kansa. Cikin abin da nake nunawa akwai wani gajeren fim da wani mazaunin unguwa ya ɗauka da kyamararsa, ranar da ruwa ya ci gidaje a gefen Zango. Kowace shekara nakan nuna shi in ce, "Ku dubi kuskuren masu tsarawa." Kafin bana ban taɓa gaya wa ajin cewa sa hannuna ne a ƙasan takardar tsarin ba.

A unguwar nan na tashi, a ɗakin kakata Falmata, Babarbariya ce da har ta rasu Hausarta ba ta miƙe ba. Lokacin sanyi, in an yi isha'i, takan zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta, mu jikokinta mu kewaye ta muna gasa tafin hannu. Ba ta buɗe tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Sai ta ce, "Ga wata can a bakin zaure." Mu ce, "A shigo da ita."

Bayan gidanmu akwai kududdufi, ramin da magina suka shekara suna haƙar ƙasar tubali har ya yi zurfi. Da damina ya cika, kwaɗi su hana kowa sakat. Ranar da muka yi ƙorafin kukansu ne ta ba mu wannan.

Ta ce a wani gari ruwa baƙo ne, kamar fataken da ke sauka a Zango. Duk shekara yakan zo da kayansa, kuma yana da masauki, wani rami a tsakiyar gari. Can yake kwana wata uku, ya tashi ba ya taɓa kowa. Sai wani attajiri ya ce kwaɗin baƙon nan sun hana shi barci, ya sa aka cike ramin da shara da duwatsu. Wata tsohuwar kwaɗo ta je ta durƙusa masa, ta ce, "Ranka ya daɗe, in ya zo ina za mu ce ya sauka?" Ya sa aka share ta waje da tsintsiya.

Damina ta faɗi, baƙo ya iso, bai ga masaukinsa ba. A nan Kaka takan rage murya, ta ƙwanƙwasa gefen kasko da zobenta. "Salamu alaikum, masu gida, ko kun ga ɗakina?" Ba wanda ya amsa, sai ya shiga. Ya shiga gidan mai dakau, ya kwanta a gindin bango har bangon ya zauna. Ya shiga gidan majemi. Ya shiga gidan wata mai jego. Gida gida har gari ya waye.

Na ce, "Kaka, attajirin fa?"

Ta ce, "Kai maigida, ka cika tambaya. Gidansa bisa dutse yake. Ko ƙafarsa ba ta jiƙe ba."

Na jira a ce kura ta cinye shi, kamar yadda ake yi wa mugaye. Ba a ce ba. Ta tura mu shimfiɗa.

Na girma, aka tura ni karatu Faransa. A can wani malami yakan kashe fitila ya nuna mana birane daga sama, tituna miƙaƙƙu, gidaje a jere kamar an auna da zare. Na dawo da irin finafinan nan a akwati da kunyar lungunan garinmu a zuciya. Aikin farko da aka ba ni a biro, wato ofishin tsara gari, shi ne in fitar da sababbin filaye, idona kuwa ya faɗa kan kududdufinmu. Ba ƙarya na yi ba da na ce sauro yake haifarwa, zazzaɓi ya kashe mini ƙanne biyu.

Na rataya farin zane a bangon masallacin unguwa, na tara dattawa, na nuna musu majigi. Suka zuba ido suna kallon motoci na gudu a faffaɗan titi. Da aka gama, wani tsohon magini, Malam Gaji, ya ɗaga hannu.

"Ɗana, garin nan ya yi kyau. Amma tun farko har ƙarshe ban ga an yi ruwa ba. Ba a ruwa ne a can?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce za a gina magudana, na nuna masa jan layi a kan taswira. Ya ce shi bai iya karatu ba, amma ƙasar bangon kowane gida a nan daga ramin nan ta fito, ya kuma san inda gangare yake. Na ce an gode, Baba.

Kaka ta makance a lokacin. Da ta ji ƙarar kamyo, manyan motocin nan, na juye ƙasa kwana da kwanaki, ta kira ni ta riƙe wuyan hannuna.

"Maigida, baƙon fa? Ina kuka sauke shi?"

Na ce mata zamani ya canza. Ta sake ni. Ba ta kai damina ta gaba ba.

Aka cike, aka raba filaye, aka yi gini. Magudanar ba ta taɓa barin takarda ba, ni kuma aka ɗauke ni aiki waje. Shekaru suka wuce lafiya, har na manta. Ina Dakar labari ya same ni: ruwa na kwana ɗaya ya taru inda ya saba taruwa, bai sami wuri ba, ya bi tsofaffin gidajen ƙasa na kewaye. Sababbin na siminti ne, sun tsaya. A gidan Malam Gaji bango ya faɗa wa jikokinsa biyu.

Bayan haka na ga yadda mutanen Holand ke barin fili takanas don ruwa ya kwanta, ana kai baƙi su gani. Na tsaya a bakin ɗaya ina tunanin mu ma muna da shi, magina ne suka yi mana, ni na rufe. Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar Kaka darasi ne kan gangare da magudana. Sai da na tsufa na gane ba don ruwa ta ba da ita ba. Don ta nuna mana ne cewa mai yanke shawara ba shi ke kwana a gindin bangon ba.

Bana na nuna gajeren fim ɗin kamar kullum. Ana ganin maza cikin ruwa har gwiwa suna tona da hannu, ana jin wata mata a bayan kyamara tana kiran sunaye biyu. Da na kunna fitila, wata ɗaliba mai suna Zara, wadda ba ta cika magana ba, ta miƙe.

"Malam, kullum kana cewa masu tsarawa. Ba su da suna ne?"

Na ce aikin biro ne, hannu da yawa.

"Muryar nan ta innata ce," in ji ta. "Yayyena take kira."

Na dubi allo, na dubi ƙofa. Sannan na ce, "Ni ne. Ni na zana, ni na sa hannu. Kakanki Malam Gaji ya gargaɗe ni, na yi masa dariya."

Ba ta yi kuka ba. Ta tattara littattafanta ta ce, "Ba ni za ka gaya wa ba. Tana gida ran Juma'a bayan la'asar."

Na je. Uwar ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa a kwano, ta zauna nesa kaɗan tana tsince wake. Na faɗi komai, ban rage ba. Hannunta bai tsaya ba har na gama.

"Ai mun sani, Malam," ta ce. "Unguwa duk ta sani. Baba ya ce kada wanda ya je ya same ka, a bari ka zo da ƙafarka. Ya jira har ya gaji. Ka sha ruwan, ka sha hanya."